Kasuwar da Ke Ci a Cikin Daji

Shekara ashirin da shida ke nan ina sayar da busassun kayan miya a Kumasi: kuka, kuɓewa, daddawa, barkono, kalkashi. Daga Bawku da Bolga ake kawo mini yawancinsu, kuma duk wanda ya yi wannan sana'a ya san cewa rabin ribarta sanin lokaci ne. Ka sayi kuɓewa ranar da ta yi arha, ka shanya, ka jira watan da za a neme ta ido rufe. Na ɗauka a wannan fanni babu mai koya mini komai, sai da Allah ya kai ni Finlan na haɗu da wata tsohuwa mai takalmin roba.

Dalilin tafiyar haihuwa ce. 'Yata ta fari, wadda ba zan kama sunanta ba ko a takarda, ta bi mijinta can shekara biyu da suka wuce. Yana karatun ilimin gandun daji a jami'ar da ke Yowensu, wani gari a gabashin ƙasar, a yankin da suke kira Kareliya ta Arewa, ba nisa da iyakar Rasha. Ta sauka ƙarshen Yuli, ni kuma takardu ba su fito ba sai tsakiyar Agusta, don haka suna ya wuce ni. Daga Akra zuwa Helsinki da canjin jirgi, daga Helsinki kuma jirgin ƙasa na wajen awa huɗu da rabi. A tsawon wannan tafiya ban ga komai ta taga ba sai itace da ruwa, itace da ruwa. Surukina ya ce kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar daji ne. Na ce, "To mutanen fa, ina suka shiga?" Ya yi dariya ya ce, "Mma, wannan watan suna cikin dajin."

Na ɗauka wasa yake.

Abin da na tarar a gidan bai yi mini daɗi ba, kuma gara in faɗa tun yanzu, don shi ne ya sa na shiga dajin tun farko. Jariri lafiya lau, maijego ma jikinta lafiya, amma yarinyar ta yi shiru irin wanda uwa ke ganewa. Shekara biyu a gari, ba ta da gidan da za ta shiga ta ce salamu alaikum, a ba ta kujera. Miji ya fita da safe, ita da bango huɗu. Wadda ta tashi a Aboabo, inda ko tari ka yi sai maƙwabta uku sun leƙo. Ta ce mini, "Mma, yanzu ai da sauƙi, akwai rana. Ki bari Disamba ta zo." Lokacin da na isa, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, ta fito kuma wajen biyar na asuba. Na kasa gane abin da take tsoro.

Maƙwabciyarsu ta ƙasan bene wata tsohuwa ce da ta haura saba'in. Kowa a gidan Mummo yake ce mata, wato kaka da harshensu, ni ma haka na bi. Shekara biyu suna gaisawa da ka kawai. Ni kuwa ba a yi ni da wannan ba. Kwana uku da zuwana na soya ƙosai na sauka na buga mata ƙofa. Ta karɓa tana kallona kamar na kawo mata takardar sammaci. Washegari da yamma sai ga ta a ƙofarmu da ƙaramin kwando cike da wani abu rawaya kamar ƙwanduwar ƙwai, mai ƙamshi kamar na 'ya'yan itace. Ta nuna ta ce, "Kantarelli."

Naman kaza ne. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, laimar kwaɗi take kiran kowane irinsa, ba ta yarda ya shiga tukunyarta ba. Ni a kasuwa na koyi cinsa, wurin wata Ba'asantiya da muka yi shekaru rumfa na kallon rumfa. Su mmire suke ce masa, kuma da ruwan farko ya sauka wajen Maris zuwa Afrilu za ka ga mata da shi a tire, fari mai doguwar ƙafa, wanda ake tonowa a gindin suri. A miyar kwakwa ba ya da na biyu. Don haka da na ga na Mummo ban tsorata ba. Na soya shi da albasa da man shanu kamar yadda ta kwatanta da hannu, na ƙara barkonon da na zo da shi. Surukina ya ci ya side kwano.

Ranar Asabar ya kai ni kasuwar tsakiyar gari, filin da suke kira tori. Nan ne jinin kasuwanci ya motsa. Tebur-tebur na wannan ɗan rawaya, ana aunawa da gwangwanin lita ɗaya kamar yadda muke auna gari da olonka. Na tambayi ina gonarsa take. Surukina ya ce babu gona. Har yau ba a iya noma shi don kasuwa ba, saboda jikinsa na gaskiya zare-zare ne a ƙarƙashin ƙasa da ke manne da saiwar itace, yana ba itacen ruwa da gishirin ƙasa, itacen na ba shi abinci. Abin da muke gani a sama 'ya'yansa ne kawai. Na ce, "To dajin na wa ne?" Ya ce na mutane ne daban-daban, wani na gwamnati, amma akwai wani 'yanci da ƙasar ta gada, wanda ya ba kowa, ɗan ƙasa da baƙo, damar shiga dajin kowa ya tsinci naman kaza da 'ya'yan itacen daji ba tare da neman izini ba. Sharaɗin dai kada ka shiga tsakar gidan mutum ko gonarsa, kada ka sare itace, kada ka hura wuta ba da izinin mai ƙasa ba. Ya ƙara da cewa wanda ya tsinto da hannunsa ya sayar ɗanye, ba a karɓar haraji a kan kuɗin.

Jama'a, ku da kuka san abin da muke biya tsakanin Paga da Kumasi kafin buhu ɗaya ya iso rumfa, ku auna yadda na ji. Kaya kyauta, ba dillali, ba kuɗin mota, ba haraji! Surukina ya ga idona ya ce, "Mma, bizarki ta ziyara ce, don Allah a tsaya a na miya." Na ce na ji. Amma daren nan na yi lissafi har barci ya ɗauke ni.

Fitarmu ta farko mu uku ne, da shi a matsayin tafinta. Mummo ta ba ni aron takalmin roba da wata 'yar wuƙa mai buroshi a gindi, ta sa mini riga ja mai haske a kan hijabina, wai don a hango ni, kuma nan gaba a kaka masu farautar wani ƙaton barewa da suke kira hirbi za su shigo dajin. Ƙasan dajin ba ƙasa ba ce, gansakuka ce mai kauri, kana takawa kana nutsewa kamar katifa. Shiru kuwa har kunne na ƙara. Na yi awa guda ban ga ko ɗaya ba, ita kuwa tana gabana tana sunkuyawa tana ɗagowa. Daga baya ta kama hannuna ta kai ni gindin wani itace mai farin ɓawo, koibu, ta ɗaga gansakuka da yatsa. Ga su nan jere, kusan goma. Ta ce ɗan rawaya abokin koibu ne, kuma yana son gefen tsohuwar hanya inda ƙafa ta taɓa takawa. Inda ka same shi bana, nan zai fito baɗi. Shi ya sa ba a faɗa wa kowa wurin.

Wannan na gane shi ba sai an fassara ba. Ni ma ko ƙanwata ba ta san ƙauyen da nake sayen daddawa ba.

Da muka zauna a kan wani kututture tana zuba mana kofi daga fulas (mutanen nan da kofi sai dai a yi shiru, ko a jana'iza shi ne), ta lissafa mini shekarar daji kamar yadda zan lissafa wa yarinyar rumfa watannin kuɓewa. Na farko yana fitowa ne a Mayu zuwa farkon Yuni, bayan dusar ƙanƙara ta narke, lokacin da ganyen koibu bai wuce kunnen ɓera ba. Haka suke faɗa da harshensu, kunnen ɓera. Sunansa korbasiyeni, launin ƙasa-ƙasa, a cukurkuɗe kamar ƙwaƙwalwa, yana son ƙasa mai yashi inda motocin sare itace suka kankare. Shi wannan dafi ne da shi mai kisa in an ci ɗanye, amma suna ci. Sai an tafasa shi sau biyu, kowane aƙalla minti biyar cikin ruwa mai yawa, a zubar da ruwan a ɗauraye, taga a buɗe don tururin ma cuta ne. Na tuna yadda ake jiƙa rogo mai ɗaci kafin ya zama abinci, amma duk da haka da ta ce tana da busasshe a gida za ta dafa mini, na ce a kai kasuwa. Ina da jika da zan goya.

Bayan shi daji yakan yi shiru har zuwa Yuli, sannan ɗan rawaya ya fara, ƙanana kamar maɓalli, da tsada a kasuwa. Yana ci gaba har Satumba in akwai ruwan sama. Agusta zuwa farkon Satumba na babban yaya ne, herkutatti. Satumba ta masu nono ce. Oktoba har dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, ta mazurari ce. Amma, in ji ta, kalanda ba ta fitar da naman kaza. Ruwa ne da ɗumi. Shekarar da Yuli ta bushe, Agusta ba ta da komai. In aka yi ruwa mai nauyi ƙasa na da ɗumi, a lissafinta ka ƙirga kwana goma zuwa mako biyu ka ɗauki kwando.

Herkutatti ne ya fara koya mini hankali. Ƙato ne, mai hula ruwan ƙasa kamar burodin da ya gasu, da ƙafa mai ƙiba fara, ƙarƙashin hular kuma ba layi-layi ba, soso ne. Yana fitowa a gindin kusi, itacen nan mai ganye kamar allura wanda Turawa ke yi wa ado a Kirsimeti. Mutanen Italiya na mutuwar sonsa, har akwai masu saye da ke ajiye mota a bakin ƙauyukan yankin a lokacinsa, su auna, su raba shi daraja ta ɗaya, ta biyu, ta uku, a ɗora a mota zuwa Italiya. Wata Talata Mummo ta hawo bene da sassafe, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce da 'yata a gaya mini ya fito, mu tafi yau. Ni kuwa ranar na jiƙa gero zan yi wa maijego kunun kanwa, ga wanki, ga wasu 'yan Gana biyu da za su zo barka. Na ce a ba ta haƙuri sai Lahadi. Ta dube ni, ta ɗaga kafaɗa, ta sauka.

Ran Lahadi muka je. Ga su nan manya-manya kamar faranti, na yi ta murna ina cika kwando. Mummo ta ɗauki ɗaya ta tsaga shi biyu da wuƙa ta miƙo mini. Ciki duk hanyoyin tsutsa, ya yi laushi kamar burodin da ya sha ruwa. Na biyu haka, na uku haka. Cikin kusan ashirin, uku muka tsira da su. Ashe ƙudaje na yin ƙwai a jikinsa tun yana ƙarami, in akwai ɗumi kwana kaɗan ya ishe su. Nata na ranar Talata kuwa, ƙanana masu tauri kamar ƙwallo, tuni ta yanka ta shanya. Ban yi magana ba a hanyar dawowa. Ni da nake yi wa yara faɗa a kan tumatir ba ya jiran mai shi.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, kuma saboda shi ne musamman na ce sai na rubuto wa wannan mujalla, don na san da yawa cikinmu 'ya'yanmu sun watsu a ƙasashen sanyi, kuma iyaye na zuwa musu.

Farkon Satumba ne. Na fara jin na iya, har ina yin gaba ni kaɗai. A cikin kusi masu duhu na ci karo da wani tudu da ya kai ƙuguna, tururuwa na ta kai-kawo a kansa. Zuciyata ta ce suri! Taku kaɗan daga gindinsa kuma ga wasu farare tas guda huɗu, dogaye, masu kyau kamar an wanke su. Wallahi sai na ji kamar ina hanyar Mampong bayan ruwan farko. Na ce yau zan nuna wa tsohuwar nan cewa mu ma muna da namu. Na tumɓuke su na ɗora a kan 'yan rawayan da ke kwandona, na nufo ta ina murmushi.

Ban taɓa jin muryarta ta tashi ba sai ranar. "Ei! Ei! Ei!" Ta fizge kwandon ta kife shi a ƙasa gaba ɗaya, da farare da rawaya, aikin awa biyu. Ta zuba mini ruwan gora a hannu. Raina ya ɓaci, don ko a gidan miji ba a taɓa fizge mini abu haka ba. Surukina ya iso da gudu, ya duba abin da ke ƙasa, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Inna lillahi. Mma, guda ɗaya a cikin miya ya ishe mu duka gidan."

Mummo ta sa sanda ta tono gindin ɗaya ta nuna mini. A ƙasa yana da wata 'yar jaka kamar ɓawon ƙwai da ƙafar ta fito daga ciki, a wuya kuma yana da zobe kamar yagaggen tsumma. Namu na suri ba haka gindinsa yake ba, shi doguwar saiwa gare shi da ke nutsawa cikin gidan gara. Tudun ma ba suri ba ne, tarin allurar itace ne da tururuwan daji suka gina. Garar da ke noma irin namu ba ta rayuwa a wannan sanyi. Kama da wane ba ta wane. Surukina ya bayyana mini yadda dafinsa ke aiki, kuma shi ne abin tsoron. Dafuwa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi, shanya ba ta kashe shi. Ka ci da daɗinsa, ka yi awa shida har zuwa kwana guda ba ka ji komai ba. Sai amai da gudawa. Sai kuma ka ji sauƙi ka ce ya wuce, alhali a lokacin ne yake cin hanta. Kafin kwana uku ko huɗu mutum na neman dashen hanta ko kuma ya tafi. Ya ce a shekarar 2015 a Jamus, wajen birnin Hanoba, gomman 'yan gudun hijira, yawancinsu daga Siriya, sun kwanta asibiti saboda ɗan'uwan wannan, sun ɗauka irin na ƙasarsu ne, har aka riƙa manna gargaɗi da harsuna daban-daban a sansanoninsu. Dokar da ake koya wa sabon shiga a Finlan gajeriya ce: fari, bar shi. Kuma kada ka ɗauki abin da ba ka san sunansa ba.

Daren nan na kalli 'yata tana shayar da yaro, na tuna cewa niyyata ita zan fara zuba wa, don maijego ce. Na shiga banɗaki na yi kukana ba wanda ya ji. Da safe na dafa shinkafa da wake na sauka wurin Mummo. Ba mu da harshen da za mu yi maganar da shi. Ta karɓi kwanon, ta riƙe hannuna ta ɗan matse, shi ke nan.

Bayan arba'in na ce da 'yata ta shirya, da ita za a je. Ta ce sanyi, ta ce yaro. Na ce matan garin nan a waje suke ajiye jarirai su yi barci a keke cikin wannan sanyin, na gani da idona, kuma ba abin da ya same su. Muka naɗe shi kamar dambu, ta goya shi a gaba cikin riga. Tun daga ranar ita ce tafinta, kuma na lura da gangan Mummo ke ja da ita gaba tana bar ni a baya.

Satumba muka yi ta masu nono, rousku. In ka karya shi wani farin ruwa ke fitowa, mai yaji a harshe. Ana tafasa shi a zubar da ruwan, sannan a jera a bokiti, gishiri, naman kaza, gishiri, a danne da dutse, ya kai har bazara. Mummo ta ce wannan aikin Kareliyawa ne tun kakanni, sun koya ta wajen Rasha da azumin cocinsu na Otodoks da ke hana nama. Mutanen yammacin ƙasar a da abincin shanu suke ce masa. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, da Tarayyar Sobiyet ta karɓe wani ɓangare na Kareliya aka kwashe mutane kusan 400,000 aka raba su cikin ƙasar, suka tafi da bokitansu da al'adarsu. Mahaifiyarta na cikinsu. Da 'yata ta fassara mini wannan sai na dube ta da kyau. Ashe ita ma 'yar zango ce.

A watan ne kuma na san wani ƙwaro da ke bin hirbi. Yana sauka a kan mutum, ya zubar da fukafukansa, ya kutsa cikin gashi, ba ya mutuwa da murza. Surukina ya sha wahalarsa har yana tsalle. Ni da 'yata kuwa hijabi ya tsare mu, har Mummo ta ce a gaya mana mun fi ta shiri.

Oktoba ta shigo da sanyin da ban taɓa sani ba. Ganyen koibu ya zama rawaya ya zube, ciyawa na wayar gari da farar ƙanƙara. Na ɗauka kasuwa ta tashi. Ashe lokacin mazurari ne. Sunansa suppilobahbero, kuma farkon kalmar ma'anarsa mazurari, don haka yake, hula ruwan ƙasa mai rami a tsakiya da siririyar ƙafa rawaya mai huhu a ciki. Launinsa ɗaya da mataccen ganye. Sai ka tsaya a kansa ba ka gani ba, in ka ga ɗaya ka tsuguna, sai ka ga ɗari sun kewaye ka. Tsutsa ba ta cika damunsa ba, kuma ko ya daskare da dare ana tsintarsa da safe yana ƙaras-ƙaras. Wannan shi ne na talaka, mai cika bokiti. Amma shi ma da nasa abokin gaba: wani mai launin tsatsa, mai ɗan tsini a ka, da ke fitowa a tsakiyarsu cikin gansakuka ɗaya. Shi ƙoda yake kashewa, kuma yana iya yin kwanaki, har fiye da mako biyu, kafin a ji alamarsa. Don haka ba a damƙa da hannu a cusa a bokiti. Ɗaya-ɗaya, a juya a duba ƙasansa. Da mun dawo gida Mummo ta sake baje su a jarida ta bi su da ido, ni kuma ban ƙara jin haushin hakan ba.

Wajen shanya ne na rama. Tana da na'urar busarwa mai faranti hawa-hawa, amma tana cika ta da yawa, na ƙasa su yi laushi. Na ture ta gefe na tsaga manyan biyu, na baje su ba mai hawa kan wani, na riƙa juya farantan, na nuna mata yadda ake karya ɗaya a kusa da kunne a ji ƙas kafin a rufe a kwalba. Kilo goma ɗanye da ƙyar ya ba da kilo ɗaya busasshe, kusan lissafin kuɓewa. Ta ce, "Huba, huba," wato da kyau. Shekara ashirin da shida ba su tafi a banza ba.

Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba suke mayar da agogo baya da awa ɗaya. Ba wanda ya tuna ya gaya mini abin da hakan ke nufi a daji. Kwana biyu bayan haka muka fita bayan azahar, mun bar yaro wurin ubansa, muka faɗa wani wuri mai albarka, kowa kai a ƙasa. Ina bin mazurari daga wannan zuwa wancan, da na ɗago babu kowa, kuma hasken ya koma toka-toka. Ƙarfe huɗu bai cika ba rana ta tafi. Kowane itace kamar ɗan'uwansa, ba tudu, ba hayaƙi, ba kiran salla da zai nuna maka gabas. Wayata tana aljihun 'yata. Na tuna abin da Mummo ta sa aka maimaita mini tun ranar farko: in ka ɓace, tsaya inda kake. Na tsaya ina karanta duk abin da na haddace, ƙafafuna na mutuwa cikin roba. Ban san ko minti ashirin ba ne ko awa. Can na ji muryar 'yata tana kwaɗa "Mmaaa!" irin kiran da take yi mini daga bakin lungu tana ƙarama, da ƙarfin da ban ji a bakinta ba tun zuwana. Na amsa. Sai ga fitila, ita ce a gaba, tsohuwar na biye da ita. Ashe ita ta gane hanyar, ta wani dutse da ramin ruwa da Mummo ta nuna mata makonni da suka wuce.

A mota na gane abin da take nufi da Disamba. Idan ƙarfe huɗu ya zama haka tun Oktoba, to Allah ya kyauta.

Ana saura kwana uku in tafi, Mummo ta ce mu fito mu uku, ba kwando. Ta tuƙa mu nesa fiye da kullum, ta bi wata hanyar tsakuwa, muka taka kamar minti goma sha biyar zuwa wani gangare mai koibu a bakin tafki. Babu komai a wurin sai ganye. Ta yi wa 'yata magana mai tsawo, tana nuna nan, tana nuna can. Na ce me ta ce? 'Yata ta yi jim, sannan ta ce nan ne wurin ɗan rawayan mahaifiyarta. 'Ya'yanta biyu suna Helsinki, a kanti suke sayen nasu, gwiwarta kuma ba za ta ƙara shekara da yawa tana hawa nan ba. Ta ce in Yuli ta yi, bayan ruwa, su zo tare, yaron ma lokacin ya fara rarrafe. Kuma kada a gaya wa kowa, har mijin.

Ran 2 ga Nuwamba na kama hanya, dusar ƙanƙara ta farko na sauka a kan dandalin jirgin ƙasa. A jakata akwai kwalba biyu na busasshen mazurari da ƙaramar ɗaya ta herkutatti daga na ranar Talatar nan da ban je ba. Na jiƙa kaɗan na zuba a miyar kuka a Aboabo, maigidan ya ci ya tambaya wane irin nama ne wannan. Ƙawata Ba'asantiya ta shinshina kwalbar ta ce nawa zan sayar mata, na ce ba na sayarwa ba ne, ta ce lallai Turai ta ɓata ni.

A tsakiyar Disamba 'yata ta turo mini hoto ta WhatsApp, ƙarfe uku na rana a wurinsu, taga baƙi ƙirin. Suna ɗakin girkin Mummo, yaron na kan cinyar tsohuwar yana jan gilashinta, a kan tebur ga bokitin rousku an buɗe, ga kuma kwanon ƙosai. Ƙosan ya ɗan ƙone ta gefe ɗaya. Na kira ta na ce ta rage wuta.